Cika-ciki a Ƙasar Gobir da Azumin Bani Isra'ila

Idan watan Muharram ya kama a Turba da Isa da Sabon Birni, da sauran garuruwan da suka gaji Alƙalawa bayan faɗuwarta a 1808, sai uwargida ta sauko da abin da ta adana na ragon layya, wanda ya yi wata guda yana shan hayaƙi a saman murhu, ta jefa shi cikin miyar daren goma ga wata, a kuma tuƙa tuwo fiye da na kullum, domin an gada daga kakanni cewa wanda bai ƙoshi ba a wannan dare sai ya shekara da yunwa. Taubasai su bi juna da neman kuɗin shara, malamai kuwa su tunatar da jama'a azumin Tasu'a da Ashura.

Asalin wannan azumi ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya zauna gaban malami a zaure, gama Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tarar da Yahudawan Madina suna azumtar yinin saboda godiya bisa tsirar Annabi Musa daga Fir'auna, sai ya azumce shi, ya yi umurni da a azumta, har aka wajabta Ramalana a shekara ta 2 bayan Hijira, Ashura ta koma nafila, daga baya kuma ya yi niyyar haɗawa da ranar tara domin a saɓa musu.

Su Yahudawa har yau suna riƙe da azumin goma ga watansu na Tishri, wanda suke kira Yom Kippur, ranar kaffara, kuma babu yinin da ya kai shi girma a wurinsu. Daga faɗuwar rana har duhun kashegari, kimanin sa'a 25, ba ci ba sha, ba wanka ba shafa mai, ba a sa takalmin fata; da yawansu sukan sa fararen tufafi su yini a majami'a suna istigfari, bayan kowa ya riga ya nemi gafarar wanda ya zalunta, sai an busa ƙahon rago sannan a sha ruwa. Abin da zai sa Bagobiri murmushi shi ne, malamansu sun hukunta cewa cin abinci sosai ranar tara ibada ce mai lada. A ganina wannan kama ba hujjar aro ba ce, tunda duk mai shirin azumi ba ya rasa dalilin cika cikinsa.

Sai dai akwai mushkila wadda masani Albiruni ya tattauna tun ƙarni na 11, cewa fitar Bani Isra'ila daga Masar suna tuna ta ne a Idin Ƙetarewa cikin watan Nisan, lokacin da suke cin gurasa marar yisti, ba a ranar Yom Kippur ba. Lissafinsu kuma ba namu ba ne, domin sukan ƙara wata guda sau 7 cikin kowace shekara 19, shi ya sa azuminsu ba ya barin Satumba da Oktoba, alhali Muharram yana ratsa rani da damina.

A yankinmu na Sahara, al'ummar Yahudawa da ta shahara da raya waɗannan bukukuwa ita ce ta Tamantit a ƙasar Tuwat, 'yan kasuwa da maƙeran zinariya, har Shehu Magili ya sa aka rushe majami'arsu wajen 1492, duk da saɓawar alƙalin wurin, Al'asnuni, sa'an nan Magili ya ratso Azbin, tsohon mazaunin Gobirawa, ya sauka Kano zamanin Muhammadu Rumfa. Sai wajen 1860 wani malamin Yahudawa daga Maroko, Mordekai Abi Serur, ya sami zama a Tambutu, ya yi ta jawo danginsa har suka cika maza goma, adadin da sallar jam'i ba ta inganta a shari'arsu sai da shi.