Ladanin da Ba Ya Ganin Alfijir

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, 'yan'uwa musulmi, darasinmu na yau tarihi ne.

An wajabta azumi a shekara ta 2 bayan Hijira. Ladanai biyu ne a masallacin Madina: Bilalu da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, Allah ya yarda da su. Bilalu yakan yi kira da sauran dare, a ci gaba da sahur. Kiran Abdullahi shi ne ke rufe bakin kowa. To, Abdullahi makaho ne, ba ya ganin alfijir, ba ya kira sai an gaya masa gari ya waye. Ku duba: azumin Madina ya rataya ga muryar mutumin da sai an duba masa sama. Bai ji kunyar a gaya masa ba, kuma bai ajiye aikin ba. Saboda shi aka saukar da farkon Suratu Abasa, kuma sau da yawa Annabi ya bar masa limancin Madina in ya fita yaƙi.

Imrana ɗan Husaini kuwa basir ne ya dame shi. Ya je ya faɗi ciwonsa, aka umarce shi ya yi salla a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa.

A ƙasar Hausa ma muna da misali. Malam Aliyu Namangi na Zariya ya makance tun yana ƙarami, ya yi karatu da kunne, ya tsara waƙar Imfiraji, wasu suka rubuta daga bakinsa. Ya rasu a 1990, waƙarsa na nan a bakin masu bara da almajirai. Hannun wani ya riƙe masa alƙalami, ladan kuwa muna fata yana isa gare shi.

Abin da ya sa muka kawo wannan shi ne abin da muke gani a nan Tamaske da ƙauyukan Adar, har Keita da Buza da Madawa. Dattijo mai ciwon suga, likita ya hana shi azumi, sai ya ɓoye ya ɗauka cikin zafin bazara har ya faɗi. Tsohuwa gwiwa ta ƙi, sai ta bar zuwa asham don kada a gan ta a zaune. Mai ciki tana jin tsoron bakin dangin miji. Wannan tsoron mutane ne, kada mu kira shi taƙawa.

Mara lafiya ya sha ruwa ya rama in ya warke. Tsohon da ya kasa, Risala ta ce an so ya ciyar da miskini mudun Annabi a kowace rana. Mu kanmu da ke wannan magana, yau sai da sanda muke tashi daga tabarma, idon da ya karanta Ashmawi da fitilar ƙwai ya fara dushewa. Jikin amana ce, Mai shi ya san ƙarfinsa. Ku kuma 'ya'ya da surukai, kada ku yi wa mai uzuri gori.

Allah ya karɓi ibadarmu yadda muka iya ta, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.