Douglas Hyde: Farfesan da harshe ya ja shi cikin siyasa

Ranar da aka yi jana'izar Douglas Hyde a birnin Dablin, cikin Yulin 1949, yawancin ministocin ƙasar Ayalan ba su shiga cocin ba, a waje suka tsaya. Su 'yan Katolika ne, mamacin ɗan Furotesta, kuma a zamanin an hana su halartar ibadar wata ɗariƙa. Alhali gawar shugaban ƙasarsu na farko ce a ciki.

An haife shi a 1860 a gundumar Roscommon. Mahaifinsa limamin coci ne, gidansu Turanci ake yi. Harshen Ayirish kuwa, wato harshen ƙasar na asali, a lokacin an bar wa talakawan ƙauye, iyaye ma Turancin suke tura 'ya'yansu su koya don su samu abin yi. To, wajen waɗannan talakawan yaron ya riƙa zama, musamman wani mai gadin daji, Séamus Hart, yana kwasar harshen da tatsuniyoyi da waƙoƙi yana rubutawa.

Bayan ya gama karatu a Kwalejin Trinity, a 1893 shi da Eoin MacNeill da wasu suka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge don farfaɗo da harshen, aka ba shi shugabanci. Ba a kan takarda kawai ya tsaya ba. Ya rubuta wasan kwaikwayo, Casadh an tSúgáin, aka nuna shi a Dablin a 1901, shi da kansa ya fito a ciki. Daga 1909 zuwa 1932 shi ne farfesan harshen Ayirish na zamani a Kwalejin Jami'a ta Dablin.

Burinsa shi ne harshen ya zama na kowa, Katolika da Furotesta, mai son Ingila da mai ƙin ta. Amma ina! Matasan da suka koyi harshen a azuzuwan ƙungiyar, da yawansu su ne suka koma neman 'yanci da bindiga. A 1915, da ƙungiyar ta sa 'yancin ƙasa cikin manufofinta, sai ya ajiye shugabancin. A ganina ya makara, domin wanda ya koya wa mutum alfahari da harshensa ai ya riga ya kunna wutar.

Siyasar da ya guda ita ta biyo shi har gida. A 1938 manyan jam'iyyu suka haɗu a kansa, ya zama shugaban ƙasa ba hamayya. Ko shekara bai yi ba ƙungiyar wasannin gargajiya ta GAA ta cire shi daga iyayenta, wai don ya je kallon ƙwallon ƙafa tsakanin Ayalan da Foland, wasan da suke ɗauka na baƙi ne. Ka ji fa!

Shanyewar jiki ta same shi a 1940, amma ya ƙarasa wa'adinsa a 1945. A Roscommon aka binne shi, kusa da Frenchpark inda ya tashi.