Lambar da ta ƙaryata Fermat

Ga lambar: 4,294,967,297. Biliyan huɗu da ɗoriya. Idan ka jera 2 guda 32 ka ninka su da juna, sannan ka ƙara 1, ita za ka samu. Ni dai a ganina ba girmanta ne ya ba ta suna ba, abin da ta yi wa wani babban malamin lissafi ne.

Pierre de Fermat ma'aikacin shari'a ne a birnin Tuluz na Faransa, lissafi kuwa sha'awa ce yake yi idan ya tashi daga aiki. A 1640 ya lura da wani jeri: 3, 5, 17, 257, 65,537. Kowace a cikinsu, ka cire 1 daga wadda ta gabace ta, ka ninka abin da ya rage da kansa, ka mayar da 1, ka same ta. Dukkan biyar ɗin ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, irin waɗanda zan kira gagara-raba. Sai ya rubuta wa abokansa cewa yana da yaƙinin haka jerin zai ci gaba har abada, ko da yake ya yarda bai kafa hujja ba. Ta shida a jerin ita ce tamu. Ya rasu a 1665, maganar tana nan yadda ya bar ta.

A 1729 Christian Goldbach ya ambata wa Leonhard Euler wannan magana a wasiƙa, lokacin Euler yana matashi a Rasha. A 1732 ya fito da amsa: 641 sau 6,700,417 daidai yake da 4,294,967,297. Mai biro da takarda zai iya gwadawa yanzu.

Abin da ya fi burge ni shi ne gajeriyar hanyar da Euler ya bayyana daga baya. Wanda zai yi gwaji a makance sai ya bi gagara-raba fiye da ɗari kafin ya kai 641. Euler ya nuna cewa duk gagara-rabar da za ta raba wannan lamba dole ta bar saura 1 idan an raba ta da 64. Sai masu takara suka koma 193, 257, 449, 577, 641. A gwaji na biyar ƙofa ta buɗe. Ita ma 6,700,417 ba ta rabuwa, don haka lambar tamu 'yar gagara-raba biyu ce kacal.

Ban ga laifin Fermat sosai ba, don misali biyar a jere suna iya ruɗar kowa. Amma abin ya juye masa gaba ɗaya. A 1880 Fortuné Landry, dattijo ɗan shekara fiye da 80, ya nuna ta bakwai ma tana rabuwa da 274,177. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin, kuma har yau ba a sami gagara-raba ko ɗaya a jerin ba bayan 65,537.