Yadda Aka Yi Ta Sake Kayan Aiki a Gidan Abbey Road

A birnin Landan, a unguwar St John's Wood, akwai wani tsohon gida mai lamba 3 a kan titin Abbey Road. Kamfanin Gramophone ya saye shi a 1929, ya gina ɗakuna uku a bayansa don ɗaukar kiɗa da waƙa. Aka buɗe su a watan Nuwamba 1931, shekarar da kamfanin ya haɗu da na Columbia suka zama EMI. A zamanin nan a kan faifan kaki a ke ɗaukar sauti, allura tana yanka shi sa'ad da a ke kiɗan. In mutum guda ya yi kuskure, to, faifai ya ɓaci ke nan, sai kowa ya koma daga farko.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka koma ga tef, wanda Jamusawa suka riga kowa gyara shi. Tef kuwa ana iya shafe shi, ana iya yanke shi da reza a liƙe. Amma babban amfaninsa shi ne a raba fāɗinsa layi-layi, kowane layi ya ɗauki nasa sauti dabam, watau ganga a nan, murya a can, yadda in murya ta ɓaci za a sake ta ba tare da an taɓa ganga ba. Tun daga nan gardamar masu waƙa da masu gida ba ta wuce ta yawan layi ba.

Ran 11 ga Fabrairu 1963 samarin nan huɗu na Liverpool da a ke kira Beatles suka ɗauki waƙa goma rana guda a kan rikoda mai layi biyu. A watan Oktoba na shekarar aka ba su mai layi huɗu, kuma da irinta suka yi faifan Sgt. Pepper a 1967. Mai karatu zai ce, yaya kayan kiɗa masu yawa haka suka shiga layi huɗu? Dabara ce ta mai tsara musu aiki, George Martin, da injiniyoyinsa. In layuka sun cika, sai a haɗa su a juye cikin layi ɗaya ko biyu na wata rikoda, a sami fili a ci gaba. Sai dai kowane juyi yana ƙara shuu a cikin sautin, abin da aka gama kuwa ya gamu ke nan, kamar gishiri a miya.

EMI ba gidan gaggawa ba ne. Injiniyoyinsa da farar riga su ke aiki kamar likitoci, kuma ƙa'idarsu ita ce ba a shigar da sabuwar na'ura ɗakin aiki sai an kwance ta, an gwada, an daidaita ta da sauran kayan gida. A Amurka kamfanin Atlantic yana da rikoda mai layi takwas tun 1958, ga shi kuwa shekara goma bayan haka mawaƙan da suka fi kowa kawo wa EMI kuɗi suna fama da layi huɗu. Da abin ya ishe su, a ƙarshen Yuli 1968 suka tafi wani ƙaramin gida mai suna Trident, wanda ke da mai takwas, suka ɗauki waƙarsu Hey Jude a can. Ashe EMI ya riga ya sayi irinta ta kamfanin 3M, tana ajiye a ofishin wani injiniya ana duba ta. Da Beatles suka ji labari, ba su tsaya jiran izni ba, a farkon Satumba suka sa aka turo ta ɗakin aiki.

Ana yawan ba da labarin nan don a yi wa injiniyoyi dariya, amma ba su rasa gaskiya ba. Kashegarin shekara, watau 1969, aka ɗauki faifan Abbey Road da sabon teburin haɗa sauti mai suna TG12345, wanda ke aiki da taransista maimakon ƙwayayen gilashi masu zafi na tsohon tebur. Ya fi yawan ƙofofin makirufo nesa. Duk da haka injiniya Geoff Emerick ya yi ƙorafi cewa ganga ta yi laushi, ta rasa ƙarfin da ta ke da shi a da.

Sa'an nan kwamfuta ta zo. A 1991 wani kamfanin Amurka, Digidesign, ya fito da manhajar Pro Tools, watau tsarin umurni da ke mai da kwamfuta ta zama rikoda da reza gaba ɗaya. Ta farko layi huɗu gare ta, daidai da rikodar Sgt. Pepper. Daga baya layuka suka kai ɗaruruwa, manyan gidaje duka suka karɓe ta, har da Abbey Road.

To, a nan ne tsohuwar ƙa'idar masu farar riga ta dawo da ƙarfinta. Rikodar tef tana iya yin shekara ashirin tana aiki in ana kula da ita. Kwamfuta kuwa ba ita kaɗai ba ce: akwai tsarin da ke tafiyad da ita, akwai babbar manhaja, akwai ƙananan manhajoji barkatai masu gyaran murya da amo, kowace da kamfaninta. In aka sabunta ɗaya, sauran suna iya ƙin aiki. A 2013 Pro Tools ta 11 ta daina karɓar ƙananan manhajoji na tsohon tsari. A 2019 kamfanin Apple ya fito da tsarin Catalina, wanda ya ƙi buɗe tsofaffin manhajoji da yawa, a 2020 kuma ya fara sake ƙwaƙwalwar kwamfutocinsa da tasa ƙira. Mai gidan waƙa da ya yi garaje yana iya wayan gari ya tarar aikin da wani mawaƙi ya biya bara ya buɗe, amma rabin gyaran da aka yi masa babu. Shi ya sa masu hankali ba su sabunta kome ana tsakiyar aiki, su kan gwada a wata kwamfuta dabam tukuna, su kuma ajiye tsohuwa a lungu don ranar bukata.

Wani abin dariya kuma, cikin manhajojin da a ke saye akwai waɗanda kamfanin Waves ya yi tare da Abbey Road, aikinsu kawai su kwaikwayi sautin tsohuwar rikoda mai layi huɗu da na teburin nan da Emerick ya kushe.

Gishirin nan kuwa daga baya an tsame shi daga miya. A faifan Revolver na 1966 akwai waƙoƙin da ganga da garayun Turawa ke cunkushe a layi guda. Ma'aikatan Peter Jackson, mai shirya fim na ƙasar New Zealand, suka ƙirƙiro manhajar da aka koya mata gane kowane abin kiɗa da amonsa, ta ware shi dabam. Da ita Giles Martin, ɗan George Martin, ya warware abin da ubansa ya gama, ya sake haɗa faifan, aka fito da shi a watan Oktoba 2022.