Haƙƙin Na Ƙasa a Wuyan Na Sama: Waiwaye kan Tarihin Ruwan Gagare da Bunsuru

Gulabe biyu ne suka ɗaure arewacin Zamfara wuri guda: Gagare, wanda ke bi ta Ƙauran Namoda, da Bunsuru, wanda ke fitowa daga ƙasar Katsina ya ratsa ƙasar Zurmi. Dukansu suna gangarawa fadamun Shinkafi da Isa, su zuba a Gulbin Rima, inda Gulbin Maraɗi ke iske su bayan ya ratso Jamhuriyar Nijar. Saboda haka babu garin da ya taɓa mallakar wannan ruwa shi kaɗai. Kowa yana ƙasan wani, yana kuma saman wani.

A wannan kwari aka kafa Birnin Zamfara, a nan kuma Gobirawa suka gina Alƙalawa, wadda ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, Namoda yana cikin jagororin yaƙin. Daular da ta biyo baya ta ɗora sha'anin ƙasa a kan fiƙihun Malikiyya. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hanyoyin keɓanta da matacciyar ƙasa, har da hurumi. Asalin mas'alar kuwa yana cikin Sunna. Abu Dawuda ya ruwaito tarayyar Musulmi a ruwa da ciyawa da wuta, Muwaɗɗa kuma ta kawo hukuncin Annabi (SAW) a kan kwararon Mahzur da Muzainib: na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya saki wa na ƙasa. Wato haƙƙin na sama na gabata ne, ba na mallaka ba. Burtali da mashaya, waɗanda hakimai da arɗo-arɗo suka tsare, suna tafiya a kan wannan ruhi.

Zuwan jirgin ƙasa Ƙauran Namoda a 1929 ya bunƙasa noman gyaɗa da auduga, gonaki suka faɗaɗa, daji ya ja baya. Bayan farin 1973 hukuma ta koma ga madatsun ruwa: aka gina Zobe a kan Karaduwa, reshen Bunsuru, da Jibiya a saman Gulbin Maraɗi, da Goronyo a kan Rima. Da wannan, tsohuwar tambayar na sama da na ƙasa ta tashi daga tsakanin manoma ta koma tsakanin jihohi da ƙasashe. Nijeriya da Nijar, waɗanda suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1971, sun sa hannu a Yarjejeniyar Maiduguri a 1990 don raba ruwan kwaruruka huɗu bisa adalci, har da na Gulbin Maraɗi.

Ambaliyar 2010 a yankin Goronyo ta fito da ɗaya fuskar hukuncin: na ƙasa yana cutuwa da yawan ruwa kamar yadda yake cutuwa da ƙarancinsa. Don haka ƙa'idar kawar da cuta ta wajabta wa na sama gargaɗi kafin ya saki ruwa. Toshe burtali da mashaya kuma yana cikin abubuwan da suka rura rikicin da ya raba mutanen Zurmi da Shinkafi da gonakinsu. Ya dace malaman waɗannan masarautu su dawo da babin ruwa da hurumi cikin karatun zaure da huɗubar Juma'a, domin yarjejeniyar gwamnatoci ba ta isa bakin mashaya sai da su. Allah ne Mafi sani.