Masu Awon Abin da Ido Ba Ya Gani

A ranar 13 ga Fabrairu, 1960, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙurar Sahara tana zubawa a kan ƙasar Hausa, Faransa ta fasa bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Kuma da ta yi irin wannan gwaji har sau uku a shekara guda, sai Nijeriya, wadda ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, ta sallami jakadan Faransa a watan Janairu na 1961. Fargabar ƙurar waɗannan gwaje-gwaje ce ta haifi ofishin farko na kare jama'a daga tururin nukiliya, wanda aka kafa a Jami'ar Ibadan a 1964, domin a san haƙiƙanin abin da ke saukowa daga sama.

To, amma malaman fannin sun gano cewa mafi yawan tururin da ɗan Adam ke sha a rayuwarsa daga ƙarƙashin ƙafarsa yake fitowa. Tun ƙarni na 16 ake labarin wata cutar ƙirji da ke halaka masu haƙar ma'adinai a Schneeberg ta ƙasar Jamus, ba a tabbatar da cewa dajin huhu ne ba sai a 1879, kuma sai bayan haka da jimawa aka gane musabbabinsa, wato radon, iskar da ba ta da launi ko ƙamshi, wadda yuraniyom na cikin dutse ke haifarwa sannu a hankali. A 1984 wani ma'aikacin tashar nukiliya a jihar Pennsylvania ta Amurka ya sa na'urar bincike ta yi ƙara tun yana shiga wurin aiki, da aka bi sawu sai aka tarar daga gidansa ya ɗauko. Daga nan awon gidaje ya zama sana'a mai shahada da sharuɗɗa.

Abuja kuwa, wadda aka zartar da dokar kafa ta a 1976, gwamnati ta tare a cikinta ranar 12 ga Disamba, 1991, zaune take a kan dutsen giranit, irin wanda ake fasawa a Mpape ana gini da tsakuwarsa, kuma irin wannan dutse yakan ƙunshi yuraniyom fiye da akasarin duwatsu. Ɗakin Gbagyi na dā, mai jinka da iska ta ko'ina, ba ya riƙe komai. Gidan zamani ne, mai tagogin gilashi a kulle da na'urar sanyaya ɗaki, wani ma har da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, yake tara abin da ya shigo ta tsagar daɓe.

Saura mas'alar amanar masu awo. Dokar 1995 ta kafa hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA, wadda ta fara aiki a 2001 da hedikwata a Abuja, kuma cibiyarta ta Ibadan ce ke daidaita na'urorin awo, kamar yadda muhtasibi yake duba mudun 'yan kasuwa a zamanin Daular Usmaniyya. Saboda haka, a ganina, maigidan da wani ya zo masa da na'ura yana da haƙƙin ya tambaye shi ijazarsa, da inda ya yi karatu, da ranar da aka daidaita na'urar, ya kuma yi shakkar duk wanda ya yanke hukunci cikin sa'a guda, domin radon yana hawa da sauka tsakanin dare da rana, da tsakanin damina da rani. Hukumar Lafiya ta Duniya, a littafinta na 2009, ta fifita awon wata uku ko fiye, ta sa ma'aunin radon a bekerel 100 cikin kowace kubik mita ta iska, in ya gagara kada ya haura 300. Abin da ya wuce haka sai a toshe tsagogin daɓe, a buɗe wa iska hanya, sa'an nan a sake awo.