Tocilar LED mai hasken rawaya da tsohuwar tocila mai ƙwai: Ina bambancin yake?

Da zarar an ɗauke wuta bayan Magariba a Gyadi-Gyadi ko a kewayen kasuwar Tarauni, masu tebura da shaguna sukan koma ga tocila da fitilar caji. Akasarin waɗannan fitilu a yau na LED ne, masu haske fari fat, har da ɗan shuɗi-shuɗi. Amma akwai wani nau'in LED mai hasken rawaya-rawaya, wanda ido ke ganinsa tamkar na tsohuwar tocilar ƙarfe mai batir biyu, irin ta Tiger Head da aka saba gani a hannun masu gadi. Kamar dai akwai ta, sai dai kama da wane ba ta wane.

Tsohuwar tocila tana da ƙwai mai siririn zaren ƙarfe a ciki. Wutar batir ce ke gasa zaren har ya haura digiri 2,000 na ma'aunin Salshiyas, sannan ya yi haske, kamar yadda ƙarfe ke yin ja a wutar maƙera. Sama da kashi 90 cikin 100 na ƙarfin batirin yana tafiya ne a zafi, shi ya sa take cin batir. Amma hasken da ta bayar yana ƙunshe da dukkan launuka a jere ba tare da giɓi ba, ja ya fi yawa, shuɗi kuma kaɗan.

Ita kuwa LED ba ta gasa komai. Asalin haskenta shuɗi ne, wanda masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar, aka kuma ba su kyautar Nobel a kansa a 2014. Ana shafa wani sinadari rawaya a kan ƙwayar, shi ne ɗigon rawayar da ake gani idan aka leƙa tocila a kashe. Sinadarin yana juya wani kaso na shuɗin zuwa rawaya, haɗuwar biyun ta zama fari a ido. Idan aka ƙara sinadarin da ke ba da ja, sai hasken ya koma rawaya-rawaya. Ke nan kwaikwayo ne, kuma ingancinsa ya danganta da irin sinadarin da kamfani ya yarda ya kashe wa kuɗi.

Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin, wanda ake rubutawa da harafin K a jikin kwali. Harshen kyandir yana wajen 1,900K. Ƙwan lantarki mai zare yana wajen 2,700K, LED mai rawaya kuma tsakanin 2,700K da 3,000K. Rana tsaka tana wajen 5,500K, su kuma fitilun caji masu farin haske sukan kai 6,000K ko 6,500K. Abin lura shi ne, yawan lambar ba ya nufin ƙarfin haske. Yana nuna karkatarsa zuwa shuɗi ne kawai.

A wannan ma'auni fitilun biyu sun yi kunnen doki. Inda suka rabu shi ne ma'auni na biyu, wanda ake rubutawa CRI ko Ra, mai nuna yadda haske ke fito da ainihin launin abu, kuma ƙololuwarsa 100 ne. Ƙwai mai zare yana dab da 100. LED ta gama-gari takan tsaya tsakanin 70 da 80, sai mai tsada ce ke haura 90. Raunin nata ya fi bayyana a jan launi mai kauri. Mahauci ko mai tsire da ke haska nama da LED mai arha zai ga jan naman ya dushe, ya koma ruwan ƙasa, alhali lafiyarsa lau. Haka tumatir da attaruhu da tattasai. A ƙarƙashin tsohon ƙwai kuwa, ja yakan fito har ya zarce gaskiya, wanda shi ma wani nau'in ruɗi ne ga mai saye.

Ga tela da mai sayar da yadi, matsalar daban ce. Duk wani haske mai rawaya, na ƙwai ko na LED, yana da ƙarancin shuɗi, saboda haka shadda shuɗiya mai duhu takan yi kama da baƙa, farar shadda kuma ta yi kamar ruwan madara. Wanda ya zaɓi zaren aiki da daddare a irin wannan haske, gari na wayewa zai iya tarar da zaren da yadin ba su dace ba. Tsofaffin 'yan Kantin Kwari ba banza suke fito da yadi bakin ƙofa su duba shi a hasken rana ba.

Inda lamarin ya wuce batun ciniki shi ne duba jariri. Ciwon shawara yana bayyana ne da rawayar ido da fata a kwanakin farko na haihuwa, kuma idan ya tsananta yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Hasken rawaya yana ɓoye wannan alama, farin LED mai shuɗi ma ba abin dogaro ba ne. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a duba jariri da rana kusa da taga, a danna goshinsa ko hancinsa a hankali a ga launin da ya bayyana. Idan an ga rawaya, sai asibiti, ba jiran kwanan suna. Ga mazauna yankin, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kan Titin Zariya.

Akwai kuma bambanci wajen mutuwar batir. Tsohuwar tocila takan yi gargaɗi: haskenta ya koma ruwan goro, ya yi ja, sannan ya mutu. LED launinta ba ya sauyawa sosai, sai dai ta rage ƙarfi, wata ma ta ɗauke lokaci guda.

Mai neman tocila a kasuwar waya ta Farm Centre ko a Sabon Gari ya duba lambobin nan biyu idan an rubuta su. Da yawa daga masu arha ba su ɗauke da ko ɗaya. A nan sai ya nemi a kunna masa ita a inuwar shago, ya haska tafin hannunsa ko wani jan kyalle. Idan fatar ta yi toka-toka ko kore-kore, ko jan ya koma ruwan ƙasa, tocilar za ta yi aikin haska hanya da duba janareta, amma ba ta teburin nama ko na yadi ba ce.